Na Je Landan Ɗauko Saudatu

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a layin awo, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Maman Sadiya, wai da gaske ne kin hau doki a Landan?" To, ban hau ba. Wadda ta fara yaɗa wannan magana Allah ya shirye ta, kuma na san ko wace ce. Amma dai akwai doki a labarin, kuma tun da na gaji da farowa daga farko kullum, na ce bari in zauna in rubuta. Na nemi izinin ƙanwata Saudatu, domin rabin labarin nata ne. Ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in ɓoye nawa abin kunyar.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Saudatu tana zaune a Landan da mijinta Dakta Nura, wanda yake ƙarin karatu a wani asibiti wajen Whitechapel, da 'yarsu Ummi da ta fara firamare. Bara ta haifi ɗa namiji, ya kwana biyu a duniya ya koma. Nura ya bugo waya gidan maƙwabtanmu ya faɗa, muka yi salati, muka yi sadaka, muka ce Allah ya sa mai ceto ne. Sai watanni suka yi ta wucewa ba ma jin ɗuriyar Saudatu. Daga baya Nura ya fito fili ya ce ba ta fita ko ƙofar gida, magana ma sai ta kama dole.

Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke ce babba. Ki je ki duba mini ita. In kin ga ba dama, ki taho mini da 'yata gida."

Magana ce mai sauƙi a baki. Amma Nura ba zai iya barin aikinsa ba, Ummi kuma tana makaranta, uban ya riga ya ce ba za a cire ta ba. Ke nan in na taho da Saudatu, na raba ta da miji da 'ya, ba wanda ya san ranar komawa. Wannan shi ne kayan da na ɗauka a zuciya. Na hannu kuwa Inna ce ta haɗa su: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa, kilishi, man shanu, da turaren wuta. Maigidana ya ɗaga akwatin ya ce, "Landan ɗin ba a sayar da abinci ne?" Inna ta ce masa abincin da zai ta da mara lafiya ba a sayensa a kanti.

Ban taɓa shiga jirgin sama ba sai ranar. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Talatu, 'yar kasuwa mai zuwa saro leshi, wadda ta san jirgin kamar tsakar gidanta. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta nuna mini yadda zan yi salla a zaune. Abin da ba ta gaya mini ba shi ne ƙarar banɗakin jirgi. Ina danna maɓallin nan na ji wani irin zuƙowa, na ɗauka ƙasan jirgin ne ya ɓalle, na fito da salati da ƙarfi. Hajiya Talatu ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kowa da haka ya fara, 'yar uwa. Ni har takalmi na bari a ciki."

A filin jirgin Landan na zaro Turancina na sakandare da na ninke na ajiye tun aurena. Ma'aikaciyar da ke duba fasfo ta tambaye ni me ya kawo ni, na ce ƙanwata ba ta da lafiya. Ta dube ni, ta buga hatimi, ta ce tana mata fatan sauƙi. Sai masu binciken kaya. Wani dogon Bature mai jan gashi ya buɗe akwatina, ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya kamar an ture shi. Ya ce mene ne wannan? Kalmar ta ɓace mini. Hajiya Talatu ta leƙo daga bayana ta ce, "Miya, oga, miya!" tana kwatanta tuƙi da hannu. Kanwa kuwa ya yi ta jujjuya ta yana kallona, har sai da na gutsura na lasa a gabansa. Kilishi ne bai tsira ba, wai ba a shiga da nama. Ya ɗauke shi da ladabi yana ba ni haƙuri, ni kuma na bi kilishin nan da kallo har ya ɓace.

Nura ya tarye ni da wata ƙatuwar rigar sanyi. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa tube. Na yi sallama da na shiga, ba wanda ya ɗago kai. Mutum ga gwiwarsa tana taɓa taka, amma idonsa na kan jarida kamar an hana shi magana. Nura ya raɗa mini, "Yaya, nan ba a gaisawa a jirgi." Na ce to Allah ya kyauta.

Gidansu a Deptford yake, a wani dogon bene na council, wato gidajen hayar ƙaramar hukuma. Ba tsakar gida, ba zaure, shanya ma a cikin ɗaki ake yi a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki. Buta kuwa robar madara ce aka yanke wa baki. Rana ba ta da ƙarfi a lokacin, kina sallame la'asar kafin ki gama lazimi magariba ta shigo.

Saudatu ce ta buɗe ƙofa. Ta rame, amma ba ramar ce ta tsorata ni ba. Yarinyar da na goya, wadda in ta fara surutu sai Inna ta ce a toshe mata baki da tuwo, ita ce ta durƙusa ta ce, "Yaya, sannu da zuwa, ya hanya?" kamar mai gaida baƙuwar maƙwabta. Tana girki, tana wanki, tana salla a kan lokaci, tana shan maganin da likita ya rubuta mata. Komai tana yi, amma kamar aikenta aka yi ta bar kanta a wani wuri. In ta gama sai ta zauna bakin taga.

Na yi abin da muka sani. Na dama kunun kanwa, na tuƙa tuwon garin shinkafa da miyar kuka har ƙamshin ya fita matakala. Na yi mata tofi. Safe da yamma ina cewa, "Ki yi haƙuri, Saudatu. Wanda ya ba ki shi ya karɓa. Wani na tafe in sha Allahu." Ita kuma ta ce, "To, Yaya." Ba ta taɓa musa mini ba, ba ta kuma taɓa zubar da hawaye a gabana ba. Har na riƙa yaba mata a raina, ina cewa ga mai tawakkali.

Ni nake zuwa kasuwar Deptford tare da Ummi, wadda take jin Hausa sarai amma sai ta amsa da Turanci. Kasuwar ta ba ni mamaki: ga doya, ga ayabar suya, ga busasshen kifi, ga manja, sai ka ce Sabon Gari aka ɗauko aka sa wa rigar sanyi. Ummi ta sa na sayi abincin Turawan na gado, kifi a cikin rigar fulawa da soyayyen dankali, an naɗe a takarda. Ba laifi, amma ba a gaya wa kifin nan akwai wani abu a duniya wai shi barkono ba. Tun ranar nake yawo da yajin Inna a jaka.

Ƙamshin daddawa ne ya jawo mana Anti Mariyama. A hawan ƙasa take, mutuniyar Kumasi ce, tana aikin share ofisoshi da sassafe. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta shigo da faɗin fuskarta ta ce, "Yaya, ka zo lafiya? Mutanen Kano duka lafiya?" Na waiga in ga namijin da take gaisarwa. Ashe haka Hausarsu take, kowa kai ne. Ta cinye malmala biyu, ta wanke hannu, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Wannan yarinya," in ji ta, "tablet na likita kaɗai ba zai isa ba. Ka kawo shi wurin Mama Rut ran Asabar. Ni na yi booking tuntuni, shi ne ya ƙi."

Na ce wace ce Mama Rut, malama ce ko likita?

"Mai doki ne."

"Doki?"

"Doki, Yaya, mai ƙafa huɗu. Lokacin da maigidana ya rasu, ni kaina na zama kamar itace. Nas mai zuwa gida ya tura ni can. Ka gan ni yanzu, ina kama da itace?"

Ba ta yi kama da itace ba kam. Amma raina bai kwanta ba. Mata su taru wurin tsohuwa da dabbobi don neman lafiya, ai mun san abin da wannan yake kama da shi a gida. Na tambayi Nura. Ya ce ya bincika, bai ji wani abin tsafi ba, amma in je in gani da idona, in na ga abin da ya saɓa wa addini mu juyo. Saura shawo kan Saudatu. Na ce mata ni zan je kallo, Turancina ba ya kai ni ko'ina, Anti Mariyama kuma in ta fara fassara sai ta ƙara nata. "Za ki bar yayarki ta ɓata a garin mutane?" Kunya ta hana ta cewa a'a. Ta ɗauko rigar sanyinta.

Daga Deptford jirgin ƙasa ne kai tsaye zuwa Abbey Wood, sai bas, sai 'yar tafiya a ƙafa. Abin da na fara gani ya sa na tsaya: dawakai a ɗaure suna kiwo a filin ciyawa tsakanin dogayen benaye, kamar yadda awaki ke yi a unguwarmu. Gidan dawakin Mama Rut yana can ƙarshe, inda gidaje suka ƙare fadama ta fara. Taɓo har idon sawu. Aka dubi takalmina mai tsini aka ba ni wasu manyan takalman roba na maza. Ku kwatanta ni da atamfa, da rigar sanyin Nura, da mayafi, da waɗannan takalma. Alhamdu lillahi ba wanda ya zo da kyamara.

Mama Rut gajeriyar tsohuwa ce mai doguwar kitsattsiyar furfura har gadon baya. Ba Baturiya ba ce, fatarta ta fi kama da ta Buzaye. Saudatu ta fassara mini cewa daga Kanada take, daga mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Aikin jinya ya kawo ta Ingila tana budurwa, ta auri mai gidan dawakin, da ya mutu ta ci gaba da riƙe su, ta keɓe Asabar don mata. Ranar akwai wata 'yar Jamaika, da Turawa biyu, da wata 'yar Bangaladash mai sanye da hijabi, wadda ganinta ya ɗan kwantar mini da hankali.

Da za a fara, Mama Rut ta kunna wani busasshen ganye a ƙaramin kasko, matan suna jawo hayaƙin da hannu suna shafawa a fuska. Na ja baya na riƙo hannun Saudatu. Na ce ta gaya mata mu ma muna turare, amma don ƙamshi, roƙo kuwa Allah kaɗai muke roƙo. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta yi murmushi ta ce, "To ku tsaya ta inda iska ba za ta kai muku ba, ku yi addu'a irin taku. Ku sa da ni." Da azahar ta yi, ita da kanta ta share ɗakin da ake rataye sirdi ta shimfiɗa mana bargo mai tsabta. Daga nan na saki jikina.

Ta kai mu bakin shinge ta ce kakarta ta koya mata cewa doki ɗan uwa ne, ba a faɗa wa ɗan uwa gida ba sallama. Ba ke za ki je wurinsa ba. Ki shiga fili ki tsaya, in ya yarda zai zo. Ta ce doki ba ya kallon fuska, abin da ke cikin ƙirji yake ji. In fuskarki na murmushi cikinki na tafasa, zai tsaya nesa, don bai san da wacce zai gaisa ba.

A gida doki na maza ne, a turke yake, mace sai dai ta hango shi ta ratse. Amma don in ƙarfafa wa Saudatu gwiwa na ce ni zan fara. Na shiga ina cewa, "Sannu, sannu doki, ina gajiya?" Sai ga wani ƙaton ja ya nufo ni kai tsaye. Har na fara jin daɗi, na ce lallai zuciyata wankakkiya ce. Ashe dabinon da ke aljihun rigar ya sansano. Ya tura hanci, bai samu ba, ya cafke bakin mayafina ya ja. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, na fito da safa ina ɗingishi, hannu biyu a kan ɗankwali, ina kiran sunan Inna.

Anti Mariyama ta zauna daɓas a kan damin ciyawa tana riƙe ciki. "Yaya, ka ce kana tsoron Allah kaɗai!" A cikin hayaniyar nan na ji wata dariya da na sani tun tana goye a bayana. 'Yar gajeriya ce, Saudatu ta kuma yi saurin rufe baki da hannu, amma na ji ta. Na ce a raina, doki, na yafe maka mayafin.

Da aka zo kan Saudatu, Mama Rut ta sako wata tsohuwar goɗiya fara mai ɗigon baƙi. Saudatu ta tsaya tsakiyar fili da ladabinta, fuska a sake kamar kullum. Goɗiyar ta dube ta, ta juya mata baya ta ci gaba da cin ciyawa. Aka daɗe. Saudatu ta fito ta ce, "Kin gani, Yaya, ko dabba ba ta so na." Mama Rut ta tambayi me ta ce, da aka gaya mata sai ta girgiza kai. "Ba ƙin ki ta yi ba. Jira take ta cikin ta fito."

Bayan an sha shayi aka zauna a da'ira cikin rumfar ciyawa. Akwai wani sulɓaɓɓen dutse da ake miƙawa. Mai riƙe da shi ita kaɗai ke magana, saura sai saurare, ba mai amsawa, ba mai ba da shawara. Ɗaya daga cikin Turawan ta karɓa, ta fara maganar ɗanta da ya bar gida bai dawo ba, sai kuka. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ni kuwa jikina ya ƙi. A ce mace na kuka a gabanka ka zuba mata ido? Ai wannan rashin tarbiyya ne. Na miƙe na dafa ta ina cewa, "Sorry, sorry, yi haƙuri, daina kuka." Matar ta haɗiye kukan nan take ta miƙa dutsen gaba. Mama Rut ba ta yi mini faɗa ba. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Hannunki mai ɗumi ne. Amma kukan da aka tsayar ba tafiya yake ba, komawa ciki yake ya zauna jira." Na ce to, amma a raina ban yarda ba. Saudatu kuwa da dutsen ya zo hannunta, miƙa shi ta yi gaba.

Asabar ta gaba ban ce komai ba, sai na ga ta riga ni sa rigar sanyi. Haka muka yi ta zuwa. Ta koyi goge jikin dawakai da buroshi, ta koyi kwashe kashinsu da cebur, tana dawowa da yunwa ta ci abinci sosai. Ni an ba ni aikin yanka karas, nesa da jan dokin nan. Amma goɗiyar ba ta zo wurinta ba, a gida kuma har yanzu bakin taga ne wurin zamanta.

Lokacin komawata ya matso. Inna ta sa aka bugo waya ta ce, "Yaya jikin nata? Tare za ku taho?" Na ce ina dai dubawa. Gaskiya zuciyata ta fi karkata ga tahowa da ita. Nura ma ya fara tambayar tikiti, yana magana yana kallon ƙasa. Wata safiya ina yi wa Ummi kitso ta tambaye ni da Turanci ko zan tafi da mamanta. Na ce ta daina motsi kitson zai karkace.

Asabar ɗina ta ƙarshe an wayi gari da yayyafi. Da Saudatu za ta shiga fili, Mama Rut ta tsayar da ita ta ce, "A wurinmu in ka je gaban wanda bai san ka ba, sai ka faɗi sunanka, da na waɗanda suka haife ka, da na waɗanda suke naka, masu tafiya a ƙasa da waɗanda suka riga mu. Ki gaya mata da harshenku. Ita ma ba ta jin Turanci."

Saudatu ta shiga ta tsaya. Goɗiyar na can nesa. Muna bakin shinge ni da Anti Mariyama. An daɗe kafin na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Ni ce Saudatu, 'yar Malam Yusufu da Inna. Ni ce uwar Ummi."

Goɗiyar ta ɗago kai.

"Ni ce uwar Yusufu."

Na damƙe shingen.

"Babansa ya yi masa huɗuba da sunan Baba. Yana da gashi mai yawa. Ya riƙe mini yatsa. Kowa ya ce in yi haƙuri, na yi. Amma ba wanda ya tambaye ni sunansa."

Wallahi ban sani ba. Ni da na tsallako ƙasashe don ita, na kwana ɗaki ɗaya da ita, ban san yaron yana da suna ba. A wurinmu jaririn da bai kai ranar suna ba, ba a tambaya. Ana ganin tausayi ne, kada a fama wa uwa ciwo.

Sai kuka ya ɓalle mata, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Ƙafata ta ɗaga da kanta, haƙurin nan ya riga ya zo kan harshena. Anti Mariyama ta damƙe mini wuyan hannu. "Yaya, ka tsaya. Ka bar shi." Na cusa bakin mayafi a bakina na cije. Na tuna malamarmu ta sha gaya mana hawaye ba laifi ba ne, abin da harshe zai faɗa ne ake tsoro, Saudatu kuwa ba ta faɗi komai ba sai sunan ɗanta. Na yi ta salati a zuci, ban motsa ba. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan tsayuwar ba.

Goɗiyar ta tako a hankali, ta tsaya, ta sake takowa, har ta iso. Ta sunkuyar da kai ta ɗora a kafaɗar Saudatu tana huci a wuyanta. Saudatu ta rungume ta ta tura fuska cikin gezarta. Yayyafi na sauka a kansu. Mama Rut ma komawa ta yi ta ci gaba da gyaran wani linzami, kamar ba abin da ke faruwa.

A jirgin komawa muka zauna, idanunmu duka a kumbure. Can na yi ta maza na ce, "Da wa ya yi kama?"

Ta dube ni. "Da ke, Yaya. Goshin nan naki ne sak."

"Kai, yaro bai yi sa'a ba," in ji Anti Mariyama.

Saudatu ta yi dariya tana share hawaye, sai bakin ya buɗe. Ta faɗi yadda naƙuda ta kama ta a layin biyan kuɗi a kanti, da nas ɗin da ta saƙa masa 'yar hula, da yadda Nura ya rikice wajen kiran salla a kunnensa har ya maimaita. Tana faɗa muna tambaya, Turawan jirgi na leƙowa ta saman jarida. Da muka ankara mun wuce Deptford, sai da muka kai London Bridge muka juyo.

Ba zan ce muku ta warke ranar ba. Akwai safiyar da take tashi da nauyin jiki har yanzu, tana kuma shan maganinta. Sauƙi na Allah ne, ya kuma sa sanadinsa inda ya so, ko da a jikin tsohuwar goɗiya ne. Amma ran Litinin ita ta kai Ummi makaranta. Na kuma ji su ita da Nura a kicin suna ambaton yaron, ashe shi ma abin na cikinsa. Ina haɗa kaya ta zo ta zauna a kan akwatin don ya rufu, ta ce, "Yaya, ba zan bi ki ba. Ki gaya wa Inna ina nan ɗakina. In an yi hutu za mu zo mu duka." Na ce dama wa ya gayyace ki, kujera ɗaya na biya.

Da na iso gida, Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ba ni ta kalla ba, bayana ta leƙa.

"Ina take?"

"Tana ɗakinta, Inna, da mijinta da 'yarta. Ta samu sauƙi."

Na zauna na ba ta labari tun daga kilishi. Da na zo kan dawakai ta riƙe haɓa ta ce, "Duk likitocin Ingila a rasa mai magani sai doki?" Da na zo kan mayafina ta yi dariya har tana tari. Sannan na ce, "Inna, yaron yana da suna. Sunan Baba aka sa masa."

Inna, wadda har Baba ya bar duniya ba ta taɓa kama sunansa ba, ta riƙa murza carbi. Can ta ce, "Ashe maigidan ne ya leƙo ya koma, ba a gaya mini ba." Ta share ido da gefen zane, ta gyara zama.

"In za ki rubuta mata," in ji ta, "ki ce ina gaida Maman Abba."